Ƙafar Kawu Ado a Kan Birki

Kowa a Toranke ya san Kawu Ado, ƙanen mahaifiyata, ba ya taka birkin tsohuwar a-kori-kurarsa da takalmi. Sai ya tuɓe silifas a ƙasa kamar zai shiga masallaci, ya yi gyaran murya, sannan ya hau.

"Takalmi ba ya jin iska, Sani. Tafin ƙafa ke ji."

Cire iska daga birki aikin mutum biyu ne: ɗaya a ƙasa yana sassauta ɗan notin bayan taya, ɗaya a sama yana takawa har mai ya fito ba kumfa. Shekara da shekaru ni ne na ƙasa, da gemuna da komai. Na taɓa roƙo mu yi musaya.

"Kai? Da ƙafar nan taka da ba ta iya kashe kyankyaso?"

Ranar sunan ɗana ma sai da ya janye ni daga cikin baƙi, da shaddata fes, wai birki ya yi laushi. Na ce, "Haba Kawu, yau?" Ya ce, "Jaririn guduwa zai yi?"

Wani makaniki a Gaya ya taɓa yi masa tayin yaronsa ya taka. Kawu ya harare shi.

"Ko na mutu ba mai taka mini birki!"

Muka yi ta dariya.

A asibiti a Gaya ya rasu. Muka shimfiɗa shi a bayan motar, 'yan'uwa suka yi gaba a babura don a fara haƙa kabari, ana so a rufe shi kafin rana ta faɗi. Ban yi nisa ba birki ya tafi ƙasa luƙus. Da giyar motar na samu na tsaya. Rana tsaka, gero hagu da dama, ko akuya babu.

Na ƙara man birki, na shige ƙarƙashi da sifana ina hawaye, ban ma san amfanin shigar ba. Baki ya riga ya saba.

"Taka, Kawu."

Motar ta yi ƙiii.

Da ƙyar na ce, "Riƙe." Na sassauta noti, mai ya feso da kumfa. Haka muka bi tayoyin duka, ina kira, ana takawa.

Da na fito, Kawu na nan kwance a lulluɓe yadda muka bar shi. Amma silifas ɗinsa, da na cusa a leda da hannuna, ga su a jere a ƙasa bakin ƙofar direba.

Na tuɓe nawa, na hau. Birki tauri kamar dutse. Mun rufe shi bayan la'asar.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya haskaka kabarinsa, Ya riƙe masa ƙafa a kan siraɗi yadda ya riƙe mini ranar nan.