Taguwar Laka Mai Tsagaggen Kunne

Shekarun baya can, lokacin tutar ƙasarmu ko koɗewa ba ta fara ba, ina ɗan lakwal, wato makarantar boko, a Tawa. Malaminmu mutumin kudu ne, muna ce masa Mushe. Wata safiya ya sa muka kwaso laka daga bakin tabki, ya ce mu duka ajin za mu gina raƙumi ɗaya, babba, a durƙushe ƙarƙashin iccen bedi na makaranta. Ya raba mu: wasu ciki, wasu ƙafafu, wasu tozo. Ni aka ba kai da wuya, don na cika baki cewa duk unguwarmu ba wanda ya kai ni iya shanun laka.

Abokina ɗan makiyaya ne daga wajen Afala. Faransanci ya ƙi shiga kansa, kullum shi ke kwana da sambol, guntun ƙashin da ake rataya wa wanda ya yi Hausa a makaranta. Mahaifinsa ya aiko cewa ranar kasuwa ta ƙarshen wata zai zo ya ɗauke shi, tunda ba abin da yake koya sai shan bulala. Raina ya ɓaci ƙwarai, don tabarma ɗaya muke kwana a gidanmu.

Kwana uku muna aiki, abin da ya fito ba raƙumi ba ne, jaki ne mai ƙusumbi. Wuyan da nake taƙama da shi sau uku yana faɗuwa. Abokina, wanda aka bar wa kwaɓa laka kawai, ya kasa daurewa. Ya fashe da Hausa: "Kai, ba haka raƙumi ka gurhwana ba! Ƙirjinai ka taɓa ƙasa, ƙahwahun baya su shige ƙarƙashi."

Muka zuba ido, muna jiran hukunci. Mushe ya dube shi, ya cire sambol daga wuyansa, ya jefa a aljihu. "Ƙarƙashin iccen nan kowa ya yi harshen uwarsa," in ji shi. "Nuna mana."

Daga ranar shi ne shugabanmu. Ya sa muka haɗa lakar da ƙaiƙayi da kashin jaki, muka gina cikin da rami kamar rumbu, hawa ɗaya a yini, sai ya sha iska a ƙara. Ni ya kama hannuna ya bi da shi kan wuyan, yana cewa, "Nan ka lanƙwasa, sannu." Na ji kunya, amma na lanƙwasa. Mushe kuma yana zagayawa, yana koya mana ja da baya mu duba aiki daga nesa kafin mu sake taɓawa. A ranar ƙarshe abokina ya tsaga kunnen hagu da tsinke, ya zana tabo a cinya. Ba wanda ya tambaye shi dalili.

Ranar Lahadi, ranar kasuwa, mahaifinsa ya iso. Mushe ya taho daga coci da fararen kayansa don ya roƙe shi ya bar yaron. Abokina ya riga ya naɗe tsummokaransa. Dattijon bai ko gama gaisuwa ba idonsa ya faɗa ƙarƙashin bedi. Ya tafi a hankali, ya zagaya sau biyu, ya durƙusa, ya ɗora hannu a wuyan nan da na gina yadda ake yi wa mai rai. Sai ya taɓa kunnen.

"Wagga taguwata ta," ya ce. "Wa yay yi ta?"

"Mu duka munka yi ta, Baba," in ji abokina.

"Ta mutu da bazara. Ban iya aiko maka ba."

Wata takwas yaron nan bai ga raƙumar da ya rena ba, amma ya fito da ita daga kansa, ya bi da ita ta hannuwanmu, mu da ba mu taɓa ganinta ba, har mai ita ya gane ta. Abokina yana kuka, ni ma ina yi, ban san na mene ne ba.

Dattijon ya miƙe, ya dubi Mushe. "Kan da yar riƙe dabba haka ba banza na ba. A bar shi nan." Ya ɗauki ƙunshin kayan ya miƙo mini.

Ruwan farko na damina ya narkar da taguwar, abokina kuwa ya ƙare a aikin likitan dabbobi. Har yau in na tuna, abin da ke ba ni mamaki shi ne wuyan da dattijon ya shafa hannuna ne ya gina shi, amma ni ban san wa nake ginawa ba.