Gurbin da ban tanadar wa Gwaggo ba

Shekarun baya, lokacin da na dawo gida Birnin Kudu da takardar shaidar karatun kwamfuta ina ji da kaina, wata ƙungiyar manoma ta yankin Gwaram ta ba ni aiki. Za su raba irin shuka kafin ruwa ya sauka, suna son manhajar da za ta riƙe bayanan gonakin Maruta da Zandam, ta fitar da sunayen waɗanda za a ba. Duk wanda sunansa bai fito ba, ba shi da iri a wannan daminar. Na ce musu ai wannan aikin yini biyu ne.

Da yaren kwamfuta na Python na rubuta ta, kowace gona na mai da ita abu guda mai ɗauke da bayanansa. To shi Python, kowane abu ka ƙirƙira sai ya rataya masa wani buhu da za ka iya jefa duk abin da ka ga dama a ciki. Kwamfutar ofishin ƙungiyar kuwa tsohuwa ce tukuf. Da an loda gonakin sai buhunan nan su cika mata ƙwaƙwalwa, ta tsaya cak, sakataren ƙungiya ya zuba mini ido.

Na kira wani abokina da ke aikin manhaja a Kano, na karanta masa damuwata. Ya ce, "Malam, ka san ƙarfen buga bulo? Shi ne kilas, gonakinka su ne bulo. Metakilas kuma shi ne mai waldar da ke haɗa ƙarfen. Ka gaya wa mai walda duk ƙarfen da zai haɗa ya zo da gurabe ƙididdigaggu, ban da buhu."

Haka na yi. Na rubuta metakilas da ke yanka wa kowace gona gurbi uku: sunan mai gida, ƙauye, da girman gona. Kwamfuta ta miƙe kamar sabuwa. Sai dai manhajar ta riƙa ƙorafi cewa wasu layukan suna da ƙarin bayani wanda ba ta da inda za ta ajiye. Ni kuwa gwani, ban ko duba mene ne ba, na umarce ta da ta yi shiru ta wuce. Na buga sunaye na miƙa, har ina taka ƙasa a hankali.

Saura kwana biyu a yi rabo na hau mota zuwa Maruta in gaida gwaggona, ƙanwar mahaifina, da niyyar in sha yabo. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo fura, sai da na sha na ƙoshi sannan ta ce, "Ɗan nan, jiya an karanta sunaye a ƙofar gidan mai unguwa. An ce kai ka rubuta."

Na ce, "Ni ne, Gwaggo."

"To ban ji sunana ba. Ban ji na mace ko ɗaya ba."

Na fara yi mata bayanin cewa ai sunan mai gida ya wadatar, tunda gonar gidan ce. Ta dube ni kamar yau ta fara ganina.

"Gandu ne na mai gida," in ji ta. "Kowa ya yi masa aiki, hatsin ya shiga rumbun gida. Gayauna kuwa tawa ce, shi ya yanka mini ita. Ni ke shuka gyaɗata, ni ke da abin da ta ba da. Irin da za a ba shi na gandu ne, ba zai kai gayauna ba. Gyaɗar da kake ci duk hutun makaranta, daga ina ka ɗauka take fitowa?"

Kunya ta rufe ni. Ashe masu zagayawa ɗaukar bayani, da yake 'yan ƙauyen ne, sun ƙara layi sun rubuta sunan mai kowace gayauna. Wannan ne ƙarin bayanin da manhajar take ta kuka a kansa, ni kuma na watsar da shi da hannuna.

Ban jira an sauke tuwo ba na wuce Gwaram. Na faɗa wa shugaban ƙungiya gaskiya, ya ce ranar rabo ba za ta ɗaga ba, in gyara kafin nan. Na sake kiran abokina. Sai da ya gama dariyarsa tukuna ya ce, "Manhaja ta gaya maka gaskiya ka toshe mata baki. Metakilas bai ce kowa gurbi uku ba, kai ka ce." Ya bar aikinsa ya zauna da ni a waya. Muka raba kilas biyu, na gandu da na gayauna, kowanne ya faɗi guraben da yake buƙata, metakilas ya yanka masa. Muka kuma sa duk bayanin da ya rasa gurbi ya tsayar da aikin har sai mutum ya duba. Da na sake lodawa, sunayen mata suka yi ta fitowa, na Gwaggo na cikinsu.

Ta samu irinta. Da kaka ta aiko mini da kwano biyu na gyaɗa, da saƙon wai in ci in ƙara wayo.

Har yau ina gode wa abokin nan da bai ce yana da aiki ba. Amma Gwaggo na fi gode wa. Da ta so, a ƙofar gidan mai unguwa za ta ɗaga murya, aikina na farko ya zama na ƙarshe. Sai ta jira ni a gida, ta ba ni fura tukuna. Tun daga nan ba na yanka gurbi a manhaja sai na tambayi mutanen wurin yadda suke raba abinsu.

Bara Allah ya yi mata rasuwa. Bayan kwana arba'in sakataren ƙungiya ya kira ni, ya ce gayaunar ta koma hannun 'yarta, yaya zai yi da manhajar? Na ce masa gurbin na nan, ya rubuta sunanta kawai.