Na Warke a Kwamin Shanu

Assalamu alaikum. Wata bakwai ke nan ban rubuta komai a nan ba, kuma abin da na rubuta na ƙarshe ƙarya ne. Na ce muku ina Yamai ana yi mini magani a fisin, wato tafkin wanka na zamani. Ku yafe mini.

Bayan naƙudar kwana biyu, na sauko daga gado, ƙafata ta hagu ta ƙi ɗaukata. Tafin yana reto kamar ba nawa ba. Na ɓoye, don haihuwar fari ce, ba a raki. Sai ranar da na faɗi da jaririya a hannu aka sani.

Daga asibitin Filinge aka tura mu Yamai. Dogon layi, awon jini, hoton ƙugu, allurai. Likita ya ce jijiya ce ta danne. Matar da ke koya wa majinyata motsa gaɓoɓi ta ce, "Ki riƙa motsa ta cikin ruwa mai ɗumi kullum, ruwa na ɗauke nauyi. In kika bar ta za ta sandare."

Kun san ni da littattafan soyayya. Nan take na hango kaina cikin shuɗin ruwa, maigida na tsaye da tawul. Kwana huɗu muka yi guzuri ya ƙare, muka koma ƙauye.

Inna, uwar mijina, ta ji bayani. Washegari ta ɗauki tsintsiya da sabulu ta nufi tsohuwar rijiya, wadda kakanta ya haƙa a aikin dole lokacin da Faransawa suka shigo ƙasarmu ta Kurfai. Akwai babban kwamin shayar da shanu a gefenta. Ta wanke shi tas.

"Ɗiyata, rana na ɗumama ruwan. Da la'asar sai mu tahi."

Na ce, "Inna, ni saniya ce?"

A gaban mutane na faɗa.

Sati uku ina kwance ina karatu, ita kuwa kullum sai ta wanke kwamin ta cika shi, shanu su shanye. A kwanakin nan na yi muku ƙaryar.

Ranar da na ga yatsun ƙafata sun fara lanƙwashewa, tsoro ya kama ni. Na ja jiki zuwa ɗakin Inna. Kafin in buɗe baki ta ce, "Ɗauko zanen wanka. Shanun ma sun gaji da jiranki."

A amalanken jaki aka kai ni. Mata huɗu suka kare ni da zannuwa. Inna ta shiga ruwan ta riƙe diddigena.

"Tura! Ke da kinka turo mutum guda, ƙahwa ta gagare ki?"

Can nesa wani makiyayi yana kira, "Gimbiya ta ƙare? Garke na jin ƙishi!"

Ina kuka ina turawa.

A wata na biyu babban yatsa ya motsa. A na huɗu na ajiye sanda. Har yanzu ina ɗan ɗingishi, amma da kaina nake goya yarinyar.

Na durƙusa na roƙi Inna gafara. Ta ce, "Wace magana? Ni ban jiya ba." Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Alhamdulillahi. Allah ya saka wa Inna da matan unguwarmu da Aljanna.

Ƴan uwana mata, kada ku ɓoye ciwo bayan haihuwa. Ku ga likita tukuna. Kada ku shiga ruwa da ɗanyen ɗinki, ko ku kaɗai, kuma ɗumi ake so, ba zafi ba. In tsohuwa ta samo muku dabara, ku riƙe bakinku. Likita ya ce ɗingishin nan ƙila na sati ukun da na ɓata ne.