Jar Akuyar Mairo

Bana shekara tara ke nan da rasuwar mai ɗakina Mairo, Allah Ya jiƙanta. Ta bar mini 'ya'ya da jikoki, ta kuma bar jajayen awaki cike da bayan ɗaki, waɗanda ba ta taɓa saya wa abinci ba.

Duk abin da gona da madafa suka rage, nasu ne. Harawar wake tana kan rumfa tun kaka. Matan unguwa in sun yi surfe sai su aiko mata da ruwan tsari, mai koko ta aiko da dusar gasara, Mairo kuma ta bar su su kwashi taki. Dusar shinkafar da nake kawowa daga injinan Kura kuwa, sai ta tankaɗe buntun, ta jiƙa da 'yar kanwa. Nakan tsokane ta, "Wane baƙo za a tuƙa wa wannan tuwon?" Sai ta ce, "Malam, in kana so a zuba maka, faɗi kawai."

Da ta tafi, na ga tankaɗen nan ɓata lokaci ne, na riƙa juye musu dusar yadda ta fito daga inji. Suka rame, suka yi ta faɗuwa. Kafin in farga, uwa ɗaya ta rage, kuma jikar wannan akuyar ce kaɗai ta saura a turke har kwanan nan.

Ko me Mairo za ta ce da ta ga zamanin nan? Kowa ya koma inji, ba mai aiko da tsari. Harawa ta zama haja, dusa ma sai a buhu. Na san dai sai ta yi tsaki, sannan ta nemo dabara.

Kwanan baya babban ɗanmu ya ce, "Baba, akuyar nan ta fi ƙarfinka, a kai ta kasuwar Bunkure mana." Gaskiya ya faɗa, gwiwoyina sun daina kai ni bakin kanal ɗin ban-ruwa yankan ciyawa. Amma na kasa miƙa wa mahauci igiyarta.

Ran Juma'a na kira 'yarmu Ladi daga Garun Malam, don ita ta ɗauko hannun uwarta. Na ce ta tafi da akuyar, ban da sayarwa. Akuyar ta yi ta kuka har motarsu ta ɓace.

Yanzu in na dawo daga masallaci da asuba, bayan ɗaki shiru. Irin awakin Mairo zai ci gaba, in Allah Ya yarda, sai dai ba a gidana ba.