Allurar da Na Yi wa Farin Bijimi

Wata shida aka turo ni koyon aiki a wani ƙaramin ofishin likitan dabbobi a Keffi. Na zo da farar riga da girman kai. A ofishin akwai wani dattijon lebura ɗan Tudun Ƙofa, aikinsa riƙe shanu idan za a yi musu allura. Baba muke ce masa. Bai iya karatu ba, don haka na raina shi, ban ma ɓoye ba.

Ran nan aka tura mu biyu rigakafi wata ruga a hanyar Gitata. Oganmu, likitan ofishin, ya ja mana kunne: duk wanda ya jawo rigima da makiyaya, ya bar ofis.

Muna isa Baba ya ce, "Yaro, a nan ba a taɓa saniya sai mai ita ya dafa ta, an ɗaure ƙafafu. Zauna mu gaisa tukuna."

Gaisuwa ta ƙi ƙarewa: ina gajiya, yaya shanu, yaya yara. Haushi ya kama ni. Na sulale na shiga garke, na sami wani farin bijimi na caka masa allura a wuya.

Ban ga juyowarsa ba. Hankaɗa kawai na ji, na faɗa cikin kashin shanu. Baba ne ya ture ni, ashe ya biyo ni da igiya. Ƙahon ya shige cinyarsa, bijimin ya ɗaga shi sama ya maka da ƙasa, ya sake bi ta kansa. Jini ya yi ta tsartuwa har kan rigata. Samarin rugar suka sheƙo da sanduna, suka ga Baba da igiya a hannu, suka ɗauka shi ya taɓa musu dabba. Ɗaya ya zabga masa sanda a baki yana kwance, haƙora biyu suka zube. Ni kuwa na cusa sirinji a aljihu na yi tsit. Tsoro ne ya kama ni, kuma har yau kunyar abin ba ta sake ni ba.

A asibiti oga ya tsare mu, wa ya shiga garke?

Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, ni na yi gaggawa. Yaron nan bai san komai ba."

Na buɗe baki, Baba ya harare ni, na rufe. Da sauri kuwa na rufe.

Don tsufansa ba a kore shi ba, aka mayar da shi gadin ƙofa, yana jan ƙafa. Ranar da na gama, oga ya yi rubutu a littafina na koyon aiki. Ina fitowa Baba ya tare ni.

"Me ya rubuta maka? Karanta mini."

Na karanta masa: "Mai bin umarni ne, mai gaskiya."

Ya gyara zaman ƙafarsa a kan benci, ya ce, "To, madalla. Sai ka zama hakan."