Babban Yatsan Kawu

A gidan Kawu na tashi, a Hunkuyi, kuma tun ina yarinya na san babban yatsan ƙafarsa ya fi shi faɗa. Haka kawai zai kumbura suntum, ya ɗau zafi, ko gefen zane ya taɓa shi sai ka ji salati har zaure.

Kawu yana da amini, mahauci, tare suka taso. Da ya ji Kawu ya kwanta, sai ga shi da kwanon farfesun hanta da ƙoda. "Sha, Alhaji, ka yi ƙarfi!" Kawu ya shanye har da suɗe kwano. Kashegari ƙafa ta ƙara hawa.

Da abin ya yawaita, magulmata suka ce ai sammu ne, a kwano ake kawo shi. Kawu kuwa akwai saurin yarda. Ranar da mahaucin ya sake sallama, ni aka aika in ce ya koma da kwanonsa. Wallahi har yau aiken nan yana ci mini rai. Ya dube ni ya ce, "To 'yata, a gaishe shi," ya juya.

Kawu ya koma sayen hanta wurin wani, ƙafa ba ta fasa ba. Dole muka kai shi asibiti a Makarfi.

Likita ta ce a cikin jini akwai ƙwayoyin halitta masu gadi, kamar 'yan sintirin unguwa, ba su tambaya sai duka. Yawan cin kayan ciki yana tara wani abu mai tsini a gaɓa, su kuma su zaci ɓarawo ne su rufar masa. Faɗan nan shi ne kumburin, in ya daɗe ya lalata gaɓar. Ta ce, "Baba, kana cin hanta?"

Kawu ya ce, "Kusan kullum."

Da muka sauka mota bai nufi gida ba, mahauta ya ɗingisa, ina riƙe da shi. Mahaucin ya gama sauraren bayanin likita daga bakin Kawu, idonsa ya ciko. "Ashe dai ni ne."

Kawu ya ce, "Kai, rufa mini asiri! Masu gadina ne marasa hankali. Ka yafe mini."

Kashegari kwanon ya dawo, kwaɗon zogale a ciki. Kawu, wanda ko warin zogale ba ya so, ya cinye tas, ya suɗe kwanon.