Sunan da Candelaria ta ba ɗan sanda

Shekara tara muna tsaye kafaɗa da kafaɗa da Candelaria a mayankar kaji ta garinmu a Alabama, muna zare ƙashi daga tsoka. A wurin aiki Brenda ake kiranta, sunan da ke kan takardar aron da ta samu aiki da ita. Ni ma nawa na aro ne.

Mijinta Anselmo kuwa, Allah wadaran namiji. Wata Lahadi da rana tsaka, mun dawo daga coci, ya tare ta a ƙofar gida wai wake ya ƙone. Ƙarfen wasa wuƙa ya ɗauko ya sheme ta a muƙamuƙi, haƙora biyu suka zube ƙasa. Ya bi ta da takalmin aiki yana tattaka mata haƙarƙari.

"Kira 'yan sandan mana," yake cewa. "Jirgi ɗaya za a zuba mu sai Guatemala."

Ni na kira su. Ɗan sanda ya tambaye ta suna, baki cike da jini ta ce Brenda. Tsoro ne da sabo, duk mai kaki sunan aiki muke ba shi.

Bayan wata biyu wata lauya ta gaya mana akwai biza ga baƙon da aka zalunta, in ya taimaki hukuma kuma 'yan sanda suka sa hannu. Da ta duba rahoton sai ta dafe kai.

"'Yar'uwa, takardar nan cewa ta yi Brenda aka daka. Ke ba a taɓa ki ba."

Gyaran ɗaya ne, Candelaria ta koma ta tona kanta. Aiki zai tafi, wataƙila a kore ta daga ƙasar ta bar 'yarta. In ta yi shiru kuma babu biza.

"Ke, kina da hankali kuwa?" na ce mata a mota. Tsoro nake ji, takardunmu daga hannu ɗaya suka fito.

"Ƙawata, haƙoran nan nawa ne, ba na Brenda ba."

Ta shiga ofishin 'yan sanda ta faɗi sunanta na gaskiya, aka sa hannun. Ran Litinin mayanka ta sallame ta, ran Laraba bincike ya iso kaina da wasu mata shida. Na ji haushinta ƙwarai, wata huɗu ko gaisuwa ba na amsa mata.

Ranar shari'ar Anselmo dai ni ce a bayanta a kotu. Alƙali ya nemi sunanta, sai da ta faɗa sau uku kafin a ji, don muƙamuƙin bai koma daidai ba.